Kwanan Gadi A Lambu Lokacin Ɗari: Amuku Da Rufinsa

Hunturu ya kankama, masu noman rani kuwa aiki ya yi tsakiya. Daga Kadawa da Kura har Bakolori da fadamun Haɗeja, alkama ta rufe ƙasa, albasa ta kama, tumatir ya soma fure. Wannan shi ne lokacin da manomi ba ya yarda ya bar lambunsa shi kaɗai da dare. Garken shanu guda in ya faɗa cikin tumatir, kafin gari ya waye aikin wata biyu ya tafi. Ga kuma ɓarayin injin ban ruwa, waɗanda su ma ba su barci. Saboda haka sai kwanan gadi, ko mai lambu da kansa, ko ɗansa, ko ɗan ƙodago.

To, ga inda magana ta ke. Mai gadi ya kan jure daga lisha har tsakar dare. Amma in ƙarfe uku ta yi, ɗari ya shiga ƙashi, ɗayan biyu ya kan yi: ko ya naɗe tabarmarsa ya nufi gida, ko ya hura wuta ya matsa jikinta har barci ya sace shi. Na farko ya bar lambu a daidai sa'ar da ɓarawo ya ke so, na biyu kuwa ya sa rigarsa da ransa cikin hatsari. Wanda ya daure har safiya ma, ya kan tashi jiki a sage, ranar nan ba wani aikin kirki da zai yi.

Ɗarin fadama ya fi na cikin gari, kuma da dalili. In rana ta faɗi sama ba gajimare, ƙasa ta kan saki zafin da ta sha da rana. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka sai ta gangara kamar ruwa ta taru a kwari, kwarin nan kuwa shi ne inda lambu ya ke. A Kano cikin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi ya kan sauka wajen digiri 13 na Selsiyus gab da asuba, wani daren har ƙasa da 10. A Jos ya fi haka sauka. Jikin mutum kuwa a digiri 37 ya ke so ya zauna. Bisa wannan ga iskar da ta ke busowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, ɗauke da ƙurar da yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta ke tasowa.

Kwanciya a ƙasa a fadama ba ta da daɗi. Ga laima, ga cinnaka, ga kunama, ga maciji mai neman wuri mai ɗumi. Shi ya sa waɗansu su kan kafa sanduna huɗu su ɗora gadon kara. Waɗansu kuma yanzu sun soma rataye amuku, watau gadon lilo na tufa ko na raga wanda a ke ɗaurewa tsakanin itatuwa biyu. Tsofaffi sun san sunan, gama a cikinsa a kan ɗauki Turawan mulki in suna rangadi kafin hanyoyin mota su yawaita. Asalinsa na mutanen tsibiran Karebiyan ne da Amurka ta Kudu. A can Kolumbus ya gan shi a 1492, daga nan ya shiga jiragen ruwan Turawa, har sojan ruwan Ingila suka yi shekaru ɗaruruwa suna kwana cikinsa. Yau akwai na nailan a kasuwa wanda a ke naɗewa ya shiga aljihun jaka, tela kuma ya iya ɗinka maka shi da yadi mai ƙarfi.

A Amurka da Kanada akwai mutanen da su kan shiga daji su kwana cikin amuku a tsakiyar ƙanƙara, don jin daɗi kawai. Mu dai larura ce ta kai mu, su kuwa sha'awa. Amma ko ba kome sun gwada mana abin cikin sanyin da ya fi namu nesa ba kusa ba, abin da suka gano kuwa yana da amfani ga mai gadin lambu. Ɗaya daga cikin dabarunsu shi ne rufin sama.

Kafin mu shiga yadda a ke yinsa, sai mu fahimci abu guda. Bargo ba ya yin zafi. Ka ajiye shi a daji ya kwana, da safe sanyinsa ɗaya da na dutsen da ke kusa da shi. Jikinka shi ne murhu. Aikin bargo shi ne ya tsare iskar da jikinka ya ɗumama kada ta gudu, domin iskar da ta ke tsaye wuri ɗaya ba ta saurin ɗauke zafi. In kuwa hunturu yana kaɗawa, sai ya riƙa share wannan iska mai ɗumi yana kawo mai sanyi, jikinka ya yi ta ɗumama sabuwa har ya gaji. Kamar mai cika randa ce mai huji.

Rufin amuku tufa ce da a ke lulluɓa bisa amukun kansa, dab da shi, daga kai har ƙafa, ta sauko ta haɗu da gefunansa biyu. Kada a gama shi da tamfol da a ke kafawa can sama don ruwa ko rana. Tamfol laima ce, iska tana wucewa ƙarƙashinta yadda ta ga dama. Rufi kuwa ɗan ɗaki ne, wanda ƙanƙantarsa ita ce amfaninsa. Duba kaza da 'yan tsakinta cikin akurki: ba wuta a ciki, amma in ka sa hannu da asuba ka ji ɗumi, don wurin ƙarami ne kuma iska ba ta ratsa shi. Kada dai wani ya yi maka romon baka. Ɗumin da rufi ya ke ƙarawa 'yan digiri kaɗan ne. Babban aikinsa tare iska daga fuska da ƙirji, ya kuma rage ƙurar da ka ke shaƙa. A daren da ba iska bambancin ba shi da yawa, amma a daren jaura shi ne tsakanin barci da rashin barci.

Rufi ba ya zama sai an rataye amuku daidai. Nemi itatuwa biyu masu rai, tsakaninsu ƙafa 12 zuwa 15, kaurin kowanne ya kai cinyar babban mutum. Darbejiya da mangwaro da tsamiya duk sun yi. Ka ɗaga kai ka duba kada da busasshen reshe bisa kanka, ko amya, ka kuma ƙwanƙwasa gindin ko gara ta ci shi. In ba itace, kafa ginshiƙai biyu masu ƙarfi, a zurfafa rami, a ja kowanne da igiya ta baya zuwa turke. Ɗaura igiya wajen tsayin kanka, ka bar amukun ya yi lanƙwasa kamar baka, yadda in ka zauna ciki zai tsaya daidai tsayin kujera, kamar inci 18 daga ƙasa. Mutane da yawa su kan ja shi ya miƙe tsam, suna tsammani ya fi kama da gado. Wannan kuskure ne mai karya igiya. In igiya ta karkata kamar digiri 30, mutum mai kilo 70 kowace igiya nauyin kilo 70 ta ke ɗauka. In an ja ta har saura digiri 10 ta miƙe, sai kowace ta ɗauki wajen kilo 200. Kwanciya kuwa a ɗan karkace a ke yi, kai ya nufi gefe guda ƙafa ta nufi ɗayan, sai ka ji bayanka ya miƙe.

Sa'an nan ka ɗaura wata siririyar igiya daga wannan bakin amuku zuwa wancan, ta bi ta sama a miƙe kamar tsirkiyar baka. Ga amuku mai ƙafa 11, tsirkiya ta zama ƙafa 9. Ita ce za ta ɗauke rufin kada ya kwanta maka a fuska, a kanta kuma za ka rataye tocila.

Ga awon rufi. Sami ƙyalle biyu, kowanne tsawon yadi 3 faɗin yadi 1, tela ya haɗa su ta tsawo. Ka sami tufa mai ƙafa 9 da ƙafa 6 ke nan. Ka ɗora ta bisa tsirkiya, ɗinkin ya bi igiyar, ƙafa 3 ta sauko kowane gefe har ta wuce bakin amuku. A tattare bakin kai da na ƙafa da zare kamar bakin wando, a ɗaure jikin igiya. Gefen da iska ta ke bugawa a sa masa maɓallai ko 'yan igiyoyi biyar ko shida a kama shi jikin amuku. Ɗaya gefen a bar shi yana reto, a ƙulla 'yan duwatsu biyu uku a lafinsa don su ja shi ƙasa. Za mu zo ga dalilin barinsa a sake.

Wace irin tufa? Nan ne a ke yawan faɗuwa. Akoko ya yi, alawayyo mai kauri ya yi, tsohon zane da bai ɓule ba ya yi. Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo: ɗora tufar a bakinka ka hura, hannunka yana ɗaya gefen. In iska ta wuce fuu kamar ba kome, ba za ta tare hunturu ba. In ta wuce da ƙyar, ita ce. In ba ta wuce ko kaɗan ba, ajiye ta. Watau leda da tamfol da buhun taki mai leda a ciki duk ba su yi ba, ko da ya ke su ne suka fi araha, su ne kuma hannu ya ke fara kaiwa gare su.

Dalili shi ne, mutum yana barci yana fitar da ruwa. Numfashi da fata su kan fitar da abin da ya kai kofi guda ko fiye kafin safiya, a matsayin tururin da ido ba ya gani. In tururin ya taɓa abu mai sanyi sai ya koma ruwa, kamar yadda ka ke gani a murfin tukunya. Tufar auduga ta kan bar yawancinsa ya fice. Leda kuwa ta kan tare shi, ya taru ya riƙa ɗigowa kan bargo. Da fari za ka ji daɗi ƙwarai, ka ce ka gano dabara. Wajen ƙarfe huɗu bargo ya jiƙe, ruwa kuwa ya fi iska saurin ɗauke zafin jiki wajen sau 25. Sai ka farka kana rawar ɗari fiye da wanda ya kwana ba rufi. Bayan wannan ma, mutum ba ya rufe kansa ruf cikin leda ya yi barci, balle yaro.

Ko da tufar kirki ce, a bar kafa. Daidai fuskarka, ta gefen da ba iska, a bar buɗi kamar faɗin tafin hannu biyu, a bar wani ƙarami wajen ƙafa. Na san mai jin ɗari ba ya son jin wannan, zuciyarsa toshe kowace kafa ta ke so. Amma ɗan sanyin da zai shigo ta nan bai kai na jiƙaƙƙen bargo ba. Gaskiya ne iskar hunturu busasshiya ce, wannan kuwa ya sauƙaƙa mana abin fiye da mutanen ƙasashen ƙanƙara. Amma a bakin ruwa, cikin lambun da aka yi wa ban ruwa da yamma, raɓa tana sauka ko a Janairu. In ka shafa rufi da asuba ka ji danshi ta ciki, to, kafar ta yi kaɗan, gobe ka ƙara ta. Kowace safiya a shanya rufi da bargo, rabin sa'a ya isa.

Haka nan kada ka shiga da rigar da ka yi ban ruwa da ita. Ajiye busasshiyar riga da wando na kwana kawai. Wanke ƙafa, goge ta ta bushe, shafa man kaɗanya saboda faso, sa safa. Hula mai rufe kunne kuwa ba ta da na biyu.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan, wanda in an bar shi rufin ya zama aikin banza. Sanyin amuku ta ƙasa ya ke shiga. Wanda ya kwanta a ƙasa, bayan ɗan lokaci ya kan ɗumama wurin da ya ke kwance. Mai amuku kuwa a sama ya ke reto, tsakanin bayansa da hunturu ƙyalle ɗaya ne. Ko ya naɗe cikin bargo biyu, nauyinsa ya danne abin da ke ƙarƙashinsa ya fitar da iskar ciki, bargon da aka danne kuwa ba ya riƙe ɗumi. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce ƙirjinsa na gumi amma bayansa da kafaɗunsa kamar an zuba ruwan randa. Ba sai an yi ɗari mai tsanani ba, ko a daren da ma'auni ya ke wajen digiri 20 a kan fara jin wannan. Gadon kara da aka ɗaga bisa sanduna shi ma haka ya ke.

Maganin da masu kwanan ƙanƙara suka samo shi ne a rataye bargon ta waje, a ƙarƙashin amuku, inda nauyin mutum ba ya kai masa. Mu ma mun iya. Ɗauki tsohon bargo ka ninka biyu, ka ɗaura igiya a kusurwoyinsa huɗu, ka kai su bakin amuku biyu, ka ja har bargon ya rungumi bayan amukun. In da robar tsohon tif ɗin keke a jikin igiyoyin ya fi, gama ta kan ba da kai in ka juya. Wanda ya fi wannan, a ɗinka jaka mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 6, a cusa audugar rimi kaurin yatsa uku, a bi ta da ɗinki layi layi don kada audugar ta taru wuri guda. Ba ta da nauyi, tana kuwa da ɗumi ainun. Wajen daidaitawa sai mutum biyu: ɗaya ya kwanta, ɗaya ya zura hannu tsakanin amuku da bargo. In hannu yana yawo, iska ma za ta yi yawo, a ƙara ja. In bargon ya matse har ya baje, a sassauta. A tsuke bakin kai da na ƙafa don kada su zama ƙofa.

Wanda ba shi da halin wannan, ya shimfiɗa buzu a ciki, gashin yana sama. Fatar ta kan tare iska, gashin kuma ba ya danne duka. Siririyar katifar soso ko kwali ninki biyu ma sun fi babu, sai dai su kan zame cikin dare. In kuɗinka na abu ɗaya ne, ni dai shawarata ka fara da na ƙasa. Rufi ya biyo baya, ko da tsohon zanen uwargida ne aka ɗora bisa tsirkiya.

Wurin ratayewa ma yana da nasa. In da ɗan tudu a gefen fadama, hau can, ko da tsayin mutum ɗaya ne ya fi tsakiyar kwari ɗumi. Kafa zana ko asabari ta arewa maso gabas, taku biyu daga amuku, gindin ya taɓa ƙasa sosai don kada iska ta bi ta ƙarƙashi. Ga wata dabara kuma. Tun da gefen da ka bari a sake da kafar fuska suna duban kudu maso yamma ne, to, ka rataye amuku ta arewa maso gabas da abin da ka ke gadi. Ka ga iska tana bayanka, inji da lambu suna gabanka, kana kwance kana hangensu ta kafar. Wannan shi ne dalilin barin gefe ɗaya ba a ɗaure ba. Mai gadi ba baƙo ba ne a masauki. In kare ya yi haushi, so a ke ya ɗaga tufa da hannu ɗaya ya dira, ba ya tsaya kwance maɓallai cikin duhu ba. Sanda ta kwana inda hannu zai kai. Takalmi a rataye shi, in kuwa ya kwana a ƙasa a kakkaɓe kafin a sa ƙafa.

Batun wuta ba wasa. Nailan ba ya ci kamar auduga, narkewa ya ke yi ya manne a fata. Audugar rimi kuwa da tartsatsi ɗaya ta ke tashi. In za ka hura wuta, ta zama taku goma daga amuku, ta gefen da iska ta nufa, nesa da zana, a kuma kashe ta kafin barci. Kada ka sa kaskon gawayi ƙarƙashin amuku, kada ka shiga da shi cikin bukka ka rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya jin shigarta. Taba da maganin sauro na kunnawa su ma ba su shiga cikin rufi. In kana son ɗumi, zuba ruwan zafi, ba tafasasshe ba, cikin gora mai murfin kirki, naɗe ta da tsumma, sa ta tsakanin cinyoyi. Ka kuma ci abinci sosai kafin ka kwanta, tuwo ko kunun gyaɗa, domin murhun da ba itace ba ya ba da zafi.

Sauro ya ragu da ɗari amma bai ƙare ba inda ruwa ya ke kwance. Rufi ba ya maye gurbin gidan sauro, tun da an bar masa kafofi. Ɗora gidan sauro mai magani bisa tsirkiya tukuna, ya sauko ya kewaye amuku, sa'an nan rufi bisansa. Da farkon dare ka iya naɗe rufin wajen ƙafa, in sanyi ya sauko ka jawo shi.

'Yan kasuwar da su kan kwana bakin lambu suna jiran lodi, da malaman da aiki ya kan kai ƙauye, duk wannan shiri ya yi musu, kayan duka ba su cika jaka guda ba. Sai dai kada a ɗaura amuku jikin mota, direba ya iya tashi da asuba bai duba ba.

A kula da yara da tsofaffi, su ɗari ya fi saurin kayarwa. Yaro ƙarami kada a tura shi kwanan gadi shi kaɗai. In ka iske mutum da asuba magana tana sarƙe masa, yana tangaɗi, ko ya daina rawar ɗari alhali jikinsa sanyi ƙalau, wannan ba lafiya ba ce. A cire masa jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi har kai, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari in yana iya haɗiya, kada a gasa shi jikin wuta, a kai shi asibiti.

In Maris ya shigo dare ya soma ɗumi, rufi ya gama aikinsa na bana, barinsa ma sai ya sa ka gumi. Kwance igiyoyi daga itatuwa don kada su ci ɓawo, musamman mangwaro. A wanke rufin, a shanya bargon ƙasa ya bushe sarai, a naɗe su a rataye a rufin ɗaki inda gara da ɓera ba su kai.